Daga Kunun Alli Zuwa Hoton Sukari

Ranar da ɗan yayata ya shigo zaurena da ambulan ɗin asibiti a hammata, ban bari ya gama gaisuwa ba na miƙa hannu. Shekara 35 na yi ina aiki a ɗakin hoto, kuma har yau in na ga babban ambulan mai ruwan ƙasa, hannuna ne ke riga bakina. Na zazzage shi a kan tabarma. Babu fim ko ɗaya. Takardu ne guda uku, sai wani ɗan hoto mai launi da bai kai tafin hannu ba, jajir da shi, kamar an ɗauki cikin bakin mutum.

"Kawu, sun ce kansa ce," in ji shi. "Amma wai ƙwayoyi zan sha na mako biyu, in koma bayan wata uku. Ko hoto ba su ce in sake ba."

Tela ne, yana da shekara 46 a lokacin, kuma ya daɗe yana fama da abin da dukanmu muke kira olsa. Ya sha farin ruwan nan na kemis, ya sha kanwa, ya bar yaji, ya bar tsami, azumi ya zame masa jidali. Takardar ɗakin gwaji ta ce limfoma ce ta tumbi, irin mai sanyin tafiya wadda likitoci ke kira MALT. Na karanta ta sau biyu. Abin da ya dame shi shi ne ya dame ni, sai dai ni ban furta ba: in ba a ga hoto ba, da me za a san ta tafi?

Na fara aiki a 1979, ina saurayi. A lokacin, in likita yana son sanin abin da ke cikin tumbin mutum, wurinmu yake turo shi. Majinyaci zai kwana da yunwa, da safe mu dama masa bariyom, wani farin gari mai nauyi wanda hasken hoto ba ya iya ratsawa. Kunun alli muke ce masa a tsakaninmu, kuma duk wanda ya taɓa kurɓarsa ya san ba sharri muka yi masa ba. Sai a kashe fitila. Likita ya rataya rigar dalma mai nauyi kamar an goya yaro, ya tsaya gaban allo, ni kuma ina karkata tebur, ina juya bawan Allah dama da hagu kamar waina a tanda, don kunun ya shafi kowane lungu. "Riƙe numfashi, Baba. Kada ka motsa. To, saki." Daga nan in ruga ɗakin duhu, inda babu haske sai wata jar fitila, in tsoma fim a ruwan wanki, in ɗauraye, in rataye ya tsane. Warin ruwan nan yana bin rigunana har gida, uwargida ta sha yi mini mita a kai.

Sai da na kwana biyu a aikin na gane cewa ba tumbin muke ɗauka ba, inuwar kunun muke ɗauka. In akwai gyambo, kunun zai taru a ciki kamar ruwan sama a kududdufi. In bango ya kumbura, sai ka ga kunun ya kauce ya bar gurbi. Limfoma takan sa ninkin cikin tumbi ya yi kauri, ya tashi kamar kunyoyin gona bayan huɗa. Japanawa sun ƙara wa dabarar armashi: a ba mutum wani gari mai tashin iska ya haɗiya, tumbi ya buɗe kamar balan-balan, kunun ya yi masa siririn shafe, sai ƙananan abubuwa su bayyana. Duk da haka fim ba ya faɗin sunan ciwo. Kumburin limfoma, da na ɗaya kansar tumbin wadda ta fi ta yawa kuma ta fi ta kisa, da tabon tsohon gyambo, duk suna iya kama da juna.

Wuƙa ce ke raba gardama. Likitan tiyata zai buɗe ciki ya cire rabin tumbi ko dukkansa, kuma sau da yawa sai naman ya isa ɗakin gwaji ake sanin ashe limfoma ce. Bibiyar majinyaci bayan haka ba ta da wata sarƙaƙiya: a dawo mana da shi, ya sake shan kunu, mu duba ko ɗinkin da ya haɗa ragowar tumbi da hanji yana yoyo ko ya tsuke. Ina tuna wani dattijo manomi da aka dawo da shi bayan wata shida. Hotonsa ya yi kyau ƙwarai, har likita yana nuna wa ɗalibai. Shi kuwa ya rame kamar kara. Ya ce mini loma uku ta tuwo ke cika shi, in ya ƙara ta huɗu sai jiri ya kwashe shi, gumi ya karyo masa. Ga allurar bitamin da zai riƙa karɓa har ƙarshen ransa, don tumbin da ke taimakon jiki ya tsotse ta babu shi. An ceci ransa, ba na musu. Sai dai nakan tambayi kaina, da a yau ne, ko da ya koma gida da tumbinsa.

Muna nan muna dama kunu, a wasu wurare ana tonon asalin ciwon. Limfoma kansa ce ta fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, waɗanda sansaninsu shi ne ƙaluluwar nan da kan kumbura a wuya ko hammata ko matsematsi in mutum ya ji ciwo. A 1983 wasu likitocin gwajin tsoka biyu a Ingila, Peter Isaacson da Dennis Wright, suka bayyana wata iri da ba a ƙaluluwa take tashi ba, a fatar cikin tumbi take tashi. Kafin su, saboda sanyin tafiyarta, da yawa daga irinta "limfomar ƙarya" ake ce musu. Abin da ya ɗaure kai shi ne lafiyayyen tumbi ba shi da irin wannan sansani. To wa ya kira sojojin?

Amsar daga birnin Perth na Ostireliya ta fito. Robin Warren da Barry Marshall sun dage cewa akwai wata ƙwayar cuta mai kama da murɗaɗɗen zare da ke rayuwa a cikin tumbi, inda kowa ya yarda tsami ba ya barin komai da rai. A 1982 suka yi nasarar renonta a ɗakin gwaji. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya ɗaga ruwan da ke ɗauke da ita ya shanye a 1984, tumbinsa ya kumbura, ya tabbatar da zancensa da cikinsa. Ita ce Helicobacter pylori, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel. A 1991 Andrew Wotherspoon, wanda ke aiki tare da Isaacson a Landan, ya duba tsokar mutum 110 masu wannan limfoma, ya sami ƙwayar a 101. Bayan shekara biyu, shi da abokan aikinsa suka ba da labarin majinyata shida da aka ba maganin kashe ƙwayar kawai, ba wuƙa, ba kemo, ba gashi da haske. A biyar daga cikinsu limfomar ta janye.

Ban san wani labari a fagen kansa da ya kai wannan ban mamaki ba. Yadda abin yake, ƙwayar cutar ce ke ta tsokanar sojojin jiki shekara da shekaru, har wani rukuni daga cikinsu ya fara yaɗo ba ƙaƙƙautawa. Amma a farkon lamari wutar ba ta cin kanta, sai ana tura mata itace. Ka zare itacen daga murhu, wutar ta fara mutuwa. Tsakanin kashi 60 zuwa 80 na waɗanda ciwon bai wuce tumbi ba suna samun sauƙi ta haka. Akwai waɗanda tasu ta riga ta yi ƙarfin da ba ta buƙatar itace, musamman in an sami wata musaya tsakanin ƙwayar gado ta 11 da ta 18 a cikin ƙwayoyin ciwon. Su sai an haɗa da gashi ko ƙarin ruwan magani. Kuma duk wadda ta taɓa girki ta san zare itace ba shi ne mutuwar wuta nan take ba. Garwashi yakan kwana a cikin toka. A wannan ciwon yakan kai shekara guda, wani lokaci biyu.

A nan kam muna da hannu a labarin, ko da ba ma so. Wani likita Bature, Chris Holcombe, da ya yi aiki a Maiduguri, ya auna jinin mutanen yankin shi da abokan aikinsa, suka tarar kusan kashi 85 suna ɗauke da alamar ƙwayar, yawancinsu tun suna yara. A 1992 ya rubuta cewa abin ɗaure kai ne a ce ƙwayar ta yi wannan yawa a Afirka amma kansar tumbi ba ta yi yawan da ake zato ba. Har yau ana gardama a kai. Ni dai da na yi rayuwata a bakin ƙofar ɗakin hoto, na san mutum nawa ne suka mutu da sunan olsa ba tare da kowa ya leƙa cikinsu ba, don haka ba na saurin cewa Allah ya yi mana rigakafi.

Da aka daina yanke tumbi, sai wata tambaya ta taso wadda zamanin wuƙa bai san ta ba. Ga ciwo an bar shi a inda yake, an ce zai mutu a hankali. Wa zai tsaya gadi? Da wane ido?

Mu 'yan ɗakin hoto mun ɗauka namu ne. A shekarar da na fara aiki aka ba Godfrey Hounsfield kyautar Nobel saboda na'urar siti-sikan, wadda aka fara gwadawa a kan majinyaci a Landan a 1971. Ta daɗe kafin ta iso gare mu. Ranar da na fara ganin cikin mutum yanka-yanka kamar burodi, ga hanta, ga saifa, ga ƙoda, ga ƙaluluwar da ke laɓe bayan tumbi, na ce magana ta ƙare, gani ya kori ji. Kuma a farkon jinya tana da amfani sosai, don ita ke nuna ko ciwon ya tsallaka ƙirji ko sauran ciki. Amma a wajen gadi sai ta ba mu kunya. Limfoma mai sanyi shimfiɗe take a fatar ciki, kaurinta sau da yawa 'yan milimita ne, sai hoto ya fito lafiya lau alhali tana nan. Tumbin da babu komai a ciki kuma yakan tattare, bangonsa ya yi kamar ya kumbura. Shi ya sa muke ɗura wa mutum ruwa kofi-kofi kafin ya kwanta. In ma an ga kauri bayan magani, na'urar ba ta san ko ciwo ne mai rai ko tabo ba. Tudun toka take nunawa, ba ta san abin da ke ƙarƙashi ba. Ga shi kowane hoton ciki ɗaya yana zuba wa mutum hasken da ya kai na hoton ƙirji ɗari, a wani lissafin ma ya fi.

Kishiyarmu tana can wani ɓangaren asibiti, ba mu ma ɗauke ta a bakin komai ba: tiyon leƙen ciki, endoskofi. Tarihinta akwai ban dariya. A 1868 wani likitan Jamus, Adolf Kussmaul, sai da ya nemo mai wasan haɗiyar takobi kafin ya sami wanda zai iya haɗiye miƙaƙƙen bututun ƙarfensa. A 1950 kamfanin Olympus a Japan ya ƙera wata 'yar kyamara da ake zurawa ta ɗauko hotuna a makance, sai an wanke a ga abin da aka samo. A 1957 Basil Hirschowitz a Amurka ya haɗa tiyo mai lanƙwasa da zaren gilashi, kuma shi ma kansa ya fara zura wa. Amma ba idon tiyon ne ya kayar da mu ba. Wani ɗan hantsaki ne da ake zurawa ta cikinsa, ya tsinko tsoka wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Saboda wannan limfomar tsalli-tsalli take fitowa, likita ba ya tsinka wuri ɗaya. Zai ɗiba daga inda ya ga alama, ya ɗiba daga inda ya ga lafiya, sama da ƙasa, kowane yanki da kwalbarsa da sunansa. Idon likitan ma yana ruɗuwa: gyambo yakan rufe alhali ƙwayoyin ciwon suna ƙasa, wurin da ya warke kuma yakan bar farin tabo mai ban tsoro.

Wajen 1980 aka ɗaura wa bakin tiyon na'urar hoton sauti, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, sai ga bangon tumbi ya fito hawa biyar. Wannan ya taimaka wajen sanin zurfin ciwo tun farko, kuma an lura wanda nasa bai nutse ƙasa ba shi ya fi jin maganin ƙwayar cuta. Bayan magani kuwa, bangon yakan ci gaba da nuna kauri watanni bayan tsoka ta ce an warke. Ita ma ba ta zama alƙali ba.

Sai hoton sukari, wanda ake kira PET. Shi ba siffa yake nema ba, yunwa yake nema. Tun shekarun 1920 Otto Warburg ya lura ƙwayoyin kansa suna da haɗamar sukari. Sai a ɗaura wa sukari wata alama mai fitar da haske, a yi wa mutum allura, a jira kamar awa guda, duk inda aka yi wawason sukarin ya haskaka. Ƙarfin allurar yana raguwa da rabi duk minti 110, don haka dole injin da ke haɗa ta ya kasance kusa, kuma wannan na cikin dalilan tsadarsa da ƙarancinsa a ƙasashenmu. A 2001 aka fara sayar da na'urar da ta haɗa shi da siti-sikan a jiki ɗaya. A 2009 masana suka taru a garin Deauville na Faransa suka tsara ma'auni mai hawa biyar: a gwada hasken wurin ciwo da na jinin da ke tsakiyar ƙirji, a kuma gwada shi da na hanta. In ya fi hanta haske, hawa na huɗu ko na biyar ke nan, akwai sauran aiki. Wannan shi ne ido mai jin zafin garwashi da muka daɗe muna jira.

Kuma ga wata irin limfomar tumbi, gaskiya ya cika alkawari. Akwai mai zafin nama, mai manyan ƙwayoyi, wadda ke iya kayar da mutum cikin watanni. Ita kemo ake yi mata, haɗe da maganin rituzimab tun bayan da wani babban gwaji na likitocin Faransa ya nuna amfaninsa a 2002. Tana cin sukari kamar ba gobe, tana haskawa kamar fitilar mota, kuma hoton da ake yi a ƙarshen magani shi ne babban ma'aunin nasara, ko da yake nan ma akan leƙa tumbin a tsinko tsoka. Amma mai sanyin tafiya ba ta da wannan haɗamar. Sau da yawa ba ta haskawa sam. Shi kuma tumbi, ko lafiyarsa ƙalau yakan ɗan haskaka, balle in akwai kumburi ko gyambo. Sai hoton ya ɓoye mai laifi, ya nuna marar laifi.

Duk wannan na san shi a karance. Ban san shi a jikina ba sai a kan ɗan yayata.

Ƙwayoyin farko ba su kashe ƙwayar cutar ba. An gane haka ne ba da hoto ba, da numfashi: bayan mako shida, an tsayar masa da maganin rage tsami na mako biyu, aka ba shi wani ruwa ya sha, ya hura iska a 'yar jaka. In ƙwayar tana nan, takan farfasa abin da ke cikin ruwan, alamar ta fito a numfashi. Ya so ya je a auna jininsa a wani ɗakin gwaji na unguwa don ya fi araha, likitarsa ta hana, ta ce jini yana riƙe tabon ƙwayar ko bayan ta mutu. Ba abin mamaki ba ne maganin ya ƙi ci. Mutanen da ke sayen Flagyl a kemis duk ranar da ciki ya murɗa sun daɗe da koya wa ƙwayar yadda za ta kauce masa. Aka sake masa haɗi mai magani huɗu, ciki har da bismot, wanda ya mai da bayan gidansa baƙi ƙirin, ya bugo mini waya da asuba a firgice. Na yi dariya har ya ji haushi. Bismot ɗin nan shi ne kakan kunun allinmu, da shi Walter Cannon ya fara ganin motsin tumbin kyanwa a hoto a Amurka, tun kafin 1900. A karo na biyu numfashin ya fito fes.

A wata na shida aka sake leƙawa. Gyambon ya rufe, ciwon ciki ya tafi, har ya fara ƙiba. Amma takardar tsoka ta ce akwai saura, sai dai yana ja da baya. Ya zo mini da daddare, ya ce ya yi cinikin kekunan ɗinkinsa biyu, wani abokinsa zai haɗa shi da asibiti a Alƙahira a yi masa hoton sukari, a san gaskiya. "Kawu, kai ne ka san hoto. Ka ce wani abu." Ban hana shi ba. A raina ma na goyi bayansa. Na ce dai mu fara zuwa wurin likitarsa tare.

Yarinya ce sa'ar 'yata ta biyu. Ta tashi ta ba ni kujera, ta saurari duk tarihin aikina ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "Baba, in hoton ya fito babu haske, kana ganin zan fasa leƙa tumbinsa bayan wata shida?" Na ce a'a. "In ya fito da haske, zan ɗaura masa kemo ban ga tsoka ba?" Na ce a'a. "To me hoton zai canza, ban da kekunansa?"

Na yi shiru. A shekara 35 ban taɓa yi wa wani hoto da na ɗauka wannan tambayar ba. Likita ya rubuto, ni in ɗauka.

Ta juyo da takardar ta nuna mana. Tun 2003 wata ƙungiyar likitocin limfoma ta Faransa ta tsara yadda mai duba tsoka zai ba da hukunci bayan magani, hawa huɗu: babu komai, akwai 'yan ɓurɓushi da ba a ɗauka a bakin ciwo ba, akwai saura amma yana ja da baya, ko kuma babu abin da ya canza. Hawa biyun farko ana lissafa su a warkewa. Na uku, inda ɗanmu yake, ba kiran kemo ba ne, kiran jira ne, muddin mutum ba ya jin ciwo kuma ido bai ga abin ya ƙaru ba. Ta ambaci wani bincike da likitan Jamus Wolfgang Fischbach ya jagoranta a 2007, inda aka bi majinyata 108 masu irin wannan ragowa ba tare da an ƙara musu komai ba. Sama da kashi 90 ko dai ragowar ta ɓace da kanta ko ta tsaya inda take. Kaɗan ne nasu ya ci gaba, kuma leƙen da ake yi a kai a kai shi ke kama irin wannan.

Abin da ya fi ba ni mamaki daga baya shi ne, hatta a limfoma mai zafi, inda hoton sukari ke sarauta, an dawo daga rakiyar yawan hoto. Da, mutum in ya warke, duk wata uku ko shida sai an kwantar da shi a na'ura, shekara da shekaru. Da aka zauna aka duba, sai aka ga yawancin waɗanda ciwon ya dawo musu ba hoton ƙa'ida ne ya kama shi ba, su ne suka ji canji a jikinsu suka dawo: kumburi, zazzaɓi, gumin dare, rama. Ƙa'idojin da aka fitar a 2014 da sunan garin Lugano na Suwizalan sun ce kada a riƙa yi wa wanda ya warke hoto haka kawai, kuma sun ambaci cewa hoton sukari yana ƙarar ƙarya sama da sau 20 cikin ɗari. Kowace ƙarar ƙarya kuwa tana nufin wani gwajin, wani kuɗin, da makonni na rashin barci. A shekarar na yi ritaya. Na shiga aiki ana cewa hoto bai isa ba don ba ya gani sosai, na fita ana cewa a rage shi don yana ganin abin da babu.

Ba na cewa ɗakin hoto ya sallama. A birnin Biyana na Ostiriya an gwada wata sabuwar allura wadda ba sukari take bi ba, wata alama take nema a jikin ƙwayoyin limfomar kansu, kuma sakamakon da suka buga a 2022 ya nuna tana dacewa da hukuncin tsoka ƙwarai a masu irin ciwon ɗan yayata. Majinyatan kaɗan ne, kuma abin bai zama ruwan dare ba ko a can. In ta tabbata, wata rana za a rage wa mutane haɗiyar tiyo, kuma tsohon ɗan ɗakin duhu zai ji daɗi. Amma mu a nan ba rashin wannan allurar ce ke kashe mu ba. Abin da ke kashe mu shi ne mutum ya shekara goma yana shan farin ruwa, yana ramewa, yana aman jini, kowa yana ce masa olsa ce, babu wanda ya ce a leƙa. Sai kuma ƙarancin masu duba tsoka, waɗanda takardarsu ita ce hukuncin, amma majinyaci bai taɓa ganin fuskarsu ba, balle ya gode musu.

Bai je Alƙahira ba. Keke ɗaya ya samu ya karɓo, ɗayan mai sayen ya ƙi mayarwa. A wata na goma sha takwas takardar ta sauko hawa na biyu, kuma a nan take har yau. Ba a sallame shi ba. Shekara biyun farko duk wata shida ake leƙawa, yanzu kuma duk shekara ko shekara da rabi, don tumbin da ƙwayar nan ta daɗe tana ci yana cikin haɗarin ɗaya kansar. Wani bincike a Holan ya sami haɗarin ya ninka kusan sau shida a masu irin ciwonsa. 'Yan hotunan nan jajaye yana tara su a aljihun keken ɗinkinsa tare da allurai da alli, yana nuna wa duk abokin cinikin da ya yi kuskuren cewa cikinsa na ciwo.

Jiya ya biyo da yamma, ya kawo mini wata riga da ya ɗinka, wuyan ya ɗan matse ni amma ban faɗa ba. Jibi Talata ne layinsa, daga daren Litinin ba zai ci komai ba. Ya ce in zo da wuri, don bayan allurar barcin ba sa barinsa ya hau babur.